Ƙawancen Masu Gemu

"Lafiya lau, angon ƙarya. Wannan wane irin soja ne da silifas ɗin wanka?"

Tsohuwa ce ke tsokanar jikanta Kofur, wanda ya durƙusa yana gaishe ta, kaki a jikinsa tsaf, amma ƙafa sai silifas. An tura shi aiki a rundunar haɗin gwiwa ta wasu ƙasashe, mota na jiransa a ƙofar gida, takalmansa na soja kuwa sun yi ɓatan dabo tun safe. Tsohuwar tana zaune daram a kan wani kwando da ta kife.

"Sojan da matarsa ta yi wa sata. Tsohuwa, ina takalmana?"

"Ni? Idon nan ko ƙofa da ƙyar yake gani."

"Amma yana hango tsoka a kwanon wani."

"Rufe min baki. Ina ma ka ce za ka?"

"Rundunar ƙawance."

"Ƙawance! Maza da gemu? Mu mata aka sani da ƙawa. Kitso za ku riƙa yi wa juna, ko aron ɗankunne?"

"Alkawari ne ƙasashe suka ɗauka. In an taɓa ɗaya, an taɓa duka. Mai jirgi ya kawo jirgi, mai soja ya kawo soja."

"Mu kuma muka duba ko'ina, muka rasa abin kaiwa sai kai? Kai da zakara ya kora har ƙarƙashin gadona?"

"Lokacin ya girme ni."

Ba ta yi dariya ba. Ta gyara zama a kan kwandon, muryarta ta yi ƙasa.

"Mu an taɓa mu ne?"

"Ba a taɓa mu ba."

"To, me ya kai ka gadin gidan wasu? Ni ka bar ni da wa?"

Direba ya danna hon a waje. Kofur ya matso kusa da ita.

"Ranar da ɓarawo ya haura gidan ƙawarki tela, wace ce ta fito da taɓarya, ko ɗankwali babu?"

"Jaruma ce, ba irinka ba."

"Gidanki ya shiga?"

"Ji sakarai! Da na bari ya gama da nata, ai nawa ne na gaba."

"Tun daga ranar, an sake haura katanga a layin nan?"

"Wa ya isa? Sun san in ɗaya ta yi ihu, duk layin..."

Ta kama baki. Kofur ya miƙe, ya ƙame, ya sara mata, silifas a ƙafa.

"Ranki ya daɗe, kwamanda! Darasin da aka yi wata ana koya mana, kin gama shi a zaune."

"Ɗan nema! Da bakina ka kama ni."

Ta fashe da dariya har da hawaye, ta dafa kafaɗarsa ta tashi, ta ɗaga kwandon. Ga takalman nan, sun sha mai suna ƙyalli.

"Au, ɓarauniyar har da goge kayan sata?"

"Zan bar mijina ya shiga cikin ƙawayensa a wulaƙance? Saka ka tafi, Allah ya tsare. Kuma ka gaya wa ƙasashen nan, in suka bari aka taɓa min kai, ni da duk matan layin nan muna tafe."