Ranar da Rumfar Tarakta Ta Biyo Ni Titi

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta biyu ba, kuma da alama baƙin da suka zo ma ba su da niyyar mantawa.

A ƙasar waje muke zaune, a bayan garin Largo, inda gidaje ke da ɗan fili. Na sayi wata tsohuwar ƙaramar tarakta, lokacin zafi in noma yakuwa da tattasai, lokacin sanyi in ture dusar ƙanƙara. Gareji ba wuri, sai na sayo mata rumfar tamfol mai ƙafafun ƙarfe. Takardar da ta zo da ita ta ce a kafa turaku a ƙasa saboda iska. To ƙasa ta daskare, guduma sai tsalle take yi. Sai na ɗaure ƙafafun rumfar da igiya a jikin taraktar, na koma gefe ina yaba wa kaina. (Injiniya ne ni fa, gadoji nake dubawa.) Sati uku iska na kaɗawa, rumfa ko gezau.

Surukina ya zo suna daga Katsina. Shekara talatin yana gyaran tarakta, kuma tun da na auri 'yarsa yake min kallon wanda biro kawai ya iya riƙewa. Abin yana ci min rai, na ƙudura wannan zuwan sai ya canza ra'ayi.

Ya zagaya rumfar ya ce, "Injiniya, ina turakun?"

Na ce, "Baba, nan akwai wasu dabaru."

Ranar suna muka wayi gari ƙanƙara har gwiwa, baƙi sun yi cirko-cirko a bakin titi, ba hanyar shigowa. Na ɗora jaket kan babbar riga, na haye tarakta, na tayar, na fito da ƙarfina. Igiya kuwa ko tunawa da ita ban yi ba.

Na ga mutane suna ɗaga hannu, na ɗauka jinjina ce, ni ma na ɗaga musu. Ashe rumfar ce gaba ɗaya ke biye da ni. Ina isa titi iska ta shiga ƙarƙashinta, ta kifo min ita a ka, da ƙanƙarar da ke samanta.

Na kashe inji cikin duhu. Wallahi na so a bar ni a nan har sanyi ya wuce. Baba ne ya ɗaga tamfol ɗin, ya leƙo.

"Sannu, Injiniya. Sauko in sa a kawo ruwan zafi, mu jiƙa ƙasar mu kafa turakun."

Shi ya kafa su, ni ina miƙa masa, sanye da jiƙaƙƙiyar babbar riga. Tun ranar na daina yi wa takardar kaya gardama, balle bakanike. Baba kuwa har yau in muka yi waya, sai ya tambayi lafiyar rumfa kafin ya tambayi jikokinsa.