Akwai Magana Ranar Sauka

Tun da muka dawo kuke damuna da tambaya: wai ina hoton da Kawu Isiyaku ya ce zai ɗauka da kyaftin ɗin jirgin ruwa, hoton da har ƙusa ya sa aka kafa masa a bangon shago tun kafin mu tafi? To ƙusa tana nan, kalanda aka rataya mata. Ga yadda aka yi, amma don Allah kar maganar nan ta riga ni isa Funtuwa.

Kamfanin da Kawu yake dillancin injinansa na ban-ruwa ne ya ce ya yi ƙoƙari bana, sai ya ba shi kujera uku a jirgin nan na yawon shaƙatawa da ke tashi daga Dubai ya zaga teku ya dawo. Jirgi ne kamar unguwa guda, bene kan bene, har da kasuwa a ciki. Kujera ɗaya tasa, ɗaya ta matarsa Inna Yalwa, ta ukun kuma tawa. Ba wai don ya fi ƙaunata a kan 'ya'yansa ba ne, a'a, ni ce mai jin Turanci, kuma ni ce ba sai an biya ba.

Ga wanda bai san Kawu ba, mutum ne mai abu biyu da ido bai taɓa gani ba: cikin aljihunsa da tsakiyar kansa. An ce sanƙo gare shi tun yana saurayi. Na ce "an ce" ne domin ko wajen alwala da yatsa ɗaya yake ɗaga hula, ya zura hannu ya shafa, ya mayar kafin ka ƙifta. Jaka guda ya yi ta huluna zalla: ƙube, damanga, tangaran, sai kuma uwar gayya, wata zanna ɗinkin Bama da aka yi watanni ana yi masa, wadda ya ajiye musamman don liyafar ban-kwana, inda fasinjoji ke layi a ɗauke su hoto da kyaftin. Amma a jirgin, tsohuwar hularsa ta zuwa shago yake sawa. Wai iskar teku gishiri gare ta, tana cin zare.

Ranar da muka shiga, sai ga wani ɗan Filifin mai fara'a ya zo ya rusuna, ya ce shi ne mai kula da ɗakinmu, sunansa Rodel. Inna ta gwada sau biyu, harshe ya ƙi, ta ce, "Rabe dai. Allah ya raya." Mai kawo abinci kuma ɗan Indiya ne, Suresh, nan take ya zama Surajo.

Da suka fita na ce, "Kawu, na tambaya fa. Akwai wanda kamfani ya riga ya biya a cikin tikiti, amma mai gyara ɗaki da mai kawo abinci ana ɗan yi musu ihsani a hannu. Wasu ranar shiga suke bayarwa don a san da zamansu, wasu ranar sauka. Ga ma ambulan can an ajiye."

"Nawa?"

"Wai abin da ya sawwaƙa."

"To ai ya sawwaƙa." Ya ɗauki ambulan ɗin ya zuba asuwakinsa a ciki. "Ke Safara'u, tun kafin a haife ki nake hulɗa da 'yan dako. In ka ba ɗan dako da safe, kafin azahar ya manta sunanka. In ka hana shi, ya jefar maka da kaya a kwata. Ba a bayarwa, ba a hanawa. Nunawa ake yi."

Sai ya miƙe ya nuna mana. Ku tsaya ku gani, don sai da tsayuwa. A turo ciki gaba, a karkatar da kai, a lumshe ido ɗaya, a bugi aljihun gaba tap-tap da tafin hannu, sannan a sauke murya kamar mai sayar da fili: "Akwai magana ranar sauka."

"To ranar saukar fa, Kawu?"

"Ranar sauka kowa ta akwatinsa yake yi. Wa zai ga wani?"

Inna Yalwa na gefe tana jinmu. "Hmm" kawai ta yi, irin tata ɗin nan da ke fita ta hanci. Duk wanda ya tashi a gidan ya san in ta yi ta, to a kwashe yara.

Jirgi na fara tafiya jiri ya kama Inna, ta ce ita da wajen cin abinci sai dai labari, a kawo mata ɗaki. Surajo ya kawo faranti a rufe. Ta ci, ta tashi ta shiga banɗaki da kwanukan, na ji ruwa na zuba.

"Inna, me kike yi? Suna da injin wanke-wanke fa."

"Injin ne ya ci abincin?"

Ta wanke tas, ta goge, sannan ta buɗe jakarta ta ɗauko kilishi ta ɗora a faranti ta rufe.

"Inna, nan ba maƙwabta ba ne, kamar otal ne. Aikinsu ke nan."

"Otal ɗin ne ya hau bene da ƙafarsa? Yaron nan uwa ce ta haife shi. A gidan ubana kwano ba ya shigowa da abinci ya fita wayam. Ban fara a tudu ba, ba zan fara a kan ruwa ba."

Surajo ya zo ɗauka, ya buɗe, ya ga kilishi, ya dube ni. Na yi masa bayanin al'ada. Ya dafa ƙirji yana kaɗa kai irin nasu, dama da hagu kamar an kwance masa ƙusar wuya. Kafin la'asar labari ya zaga jirgi: akwai wata uwa a ɗakin can, faranti ba ya dawowa daga wajenta hannu rabbana.

Matsalar ita ce mutanen nan ba su san ƙa'idar kai kwano ba. Mu a gida sau ɗaya ake kawowa a yini. Su kuwa da safe faranti, hantsi faranti, rana faranti, la'asar shayi da biskit, ga Rabe yana naɗe tawul ya yi siffar giwa ya ɗora a gado, wanda shi ma Inna ta ce kyauta ce, sai an yi tukuici. Kilishi ya ƙare. Dabino ya bi. Yajin daddawa, turaren wuta, har ɗan kwalin man zafi da take shafa wa gwiwa, duk suka tafi a faranti.

Ranar da jakarta ta koma sai carbi da fasfo, ta tari Kawu yana shirin fita shan iska.

"Alhaji, ɗan ba ni canji in riƙa sa wa yaran nan a kwano."

"An riga an yi musu magana, Hajiya."

"Magana ake ci?"

Wallahi ba ƙari na yi ba: ita ma ya turo mata ciki, ya lumshe ido, tap-tap. Ya fice.

Inna ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta juya ta kalli saman kabad.

"Safara'u."

"Na'am, Inna."

"Kai nawa Kawunki yake da shi?"

"Ɗaya, Inna."

"Miƙo mini jakar can."

Ni kuwa yarinya ce mai biyayya. Na miƙo.

Damanga ce ta fara tafiya, an naɗe ta a leda, a kan farantin shinkafa da aka wanke. Washegari ƙube ta bi ta. Daga nan fa hidima ta canza launi. Kawu yana shiga wajen cin abinci sai ka ga an ja masa kujera ta jikin taga, wadda Turawa ke rigima a kanta. Shayinsa da madara har sai cokali ya kusa tsayawa. Takalminsa kullum a goge. Rigunansa su dawo daga wanki da kari kamar wuƙa. Wani ma daga kicin ya fito da farar hularsa doguwa don kawai ya gaishe shi.

Kawu ya kishingiɗa yana sakace. "Kin gani, Safara'u? Ko sisi bai bar jikina ba. Wannan ba a koyar da shi a jami'arku."

"Gaskiya ba a koyarwa, Kawu."

"Ɗan Adam ko'ina ɗaya ne. Ka nuna masa aljihu, ya bi ka har Sin."

Su kuwa bayin Allah, ganin kullum yana bugun ƙirji yana faɗin abu guda, sai Rabe ya tare ni a lungu ya tambaye ni ko gaisuwar mutanenmu ce. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. Cewa kawai na yi ba haka ake yi ba, bari in gyara masa. Na koya masa turo ciki, ga shi ba shi da cikin. Na koya masa lumshe ido. Kafin a kwana biyu, duk inda muka gifta sai ka ji ma'aikaci ya ƙame, tap-tap: "Akway maganna rana sokka, sa!" Kawu ya yi ta murmushi yana ɗaga musu hannu.

"Har sun haddace alkawarin," in ji shi. "Kwaɗayi ke nan."

Ranar liyafa da la'asar, Kawu ya hau can saman jirgi yana waya da yaran shago, yana ce musu a share bango a goge ƙusa. Yana cikin "ku gaya wa Alhaji Maikanti na gaba da mu ya zo ya ga hoto," sai iska ta zo wuf, ta sure tsohuwar hular. Muna kallo ta yi sama, ta yi juyi biyu kamar tana sallama, ta faɗa teku.

Jama'a, na gani. Da idona. Rana ta faɗa a kai ta dawo. Wata tsohuwar Baturiya da ke kwance kusa sai da ta gyara tabarau.

Kawu ya kifa waya a ka, ya rufe saura da hannu, ya bi bene da gudun da ban san yana da shi ba. Yana shiga ɗaki ya ce, "Ba komai, dama ta tsufa. Sauko mini da jakar huluna."

Na sauko da ita. Ba nauyi. Ni a zatona Inna ta bar masa zannar ko don albarkacin hoto, ashe da rana shugaban kicin ya aiko mata da kifi guda sukutum, har da lemon tsami a baki, ita kuma ta ga babban kwano sai babban tukuici.

Kawu ya zuge jaka. Ya leƙa. Ya zura hannu har kafaɗa. Ya kife ta ya girgiza, ƙwayar kafur ɗaya ta faɗo ta gangara ƙarƙashin gado.

"Innalillahi! An yi mini sata! Yaron nan ne mai naɗe tawul, tun ranar farko ban yarda da dariyarsa ba. Safara'u, kira mini kyaftin! Yau sai an kori wani a jirgin nan!"

Nan fa na ga wasa ya fara taɓa abincin mutane. Na kalli Inna. Tana zaune bakin gado tana ɗaura ɗankwali a madubi, ko gezau.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Kawu ya fizgi tawul ɗin giwa ya ɗora a ka, hancin giwar na lilo a gefen kunnensa, ya buɗe da shirin faɗa.

Su ne, sun jeru a lungu sun zo ban-kwana. Rabe da damanga ta sauko masa har gira. Surajo da ƙube, ya karkata ta gefe kamar ɗan siyasa. Mai wanki da tangaran, ya juya ta baya-gaba. A tsakiyarsu kuma ga shugaban kicin, ƙato, ya ajiye doguwar farar hularsa, zannar Bama na zaune daram a kansa kamar don shi aka ɗinka. Rabe ya yi jawabi har idonsa ya kawo ruwa, ni kuma na fassara tsakani da Allah: wai sun daɗe suna aikin teku, sun karɓi ambulan iri-iri, amma ba su taɓa ganin mutumin da ya tuɓe darajar kansa ya raba wa ma'aikata ba. Wai har kyaftin ya ji labari, yana jira ya ga wannan bawan Allah a wajen hoto.

Sannan gaba ɗayansu suka turo ciki, suka lumshe ido, tap-tap: "Akway maganna rana sokka, sa!"

Kawu ya bi hulunansa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ka ce wa mutum cire hular da ya gama yi maka godiya a kanta? A gaban jama'a? Har kyaftin ya ji? Ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce, "Madalla, madalla," ya tura ƙofa a hankali. Sannan ya juyo.

"Hajiya. Hulunana."

"Kwano ya shigo da abinci, Alhaji."

"To ba sai ki tambaye ni ba!"

"Na tambaya. Ka ce an yi magana."

"Yanzu ga liyafa, ga kyaftin na jira, ga ƙusa na sa an goge! Ni me zan sa wa kaina?"

Inna ta soke bakin ɗankwalinta, ta ɗauki mayafi, ta dube shi ta cikin madubi.

"Ɗan buga shi tap-tap, Alhaji, ka ce masa akwai magana ranar sauka."