Sallama a Ƙofar Dodo

Shekarar da council, hukumar garin, ta kore ni daga aiki, ɗaliban da muke haya flat ɗaya a unguwar Longsight suka ja ni cikin wasansu na tebur, wanda kowa ke zama wani a cikin labari. Ni ne ɓarawo, aikina in lallaɓa in soke dodo ta baya. Na wulla ɗan ludo, lamba mafi girma ta fito. Duk digirinsu ba wanda ya taɓa samunta.

"Kawu, ka iso ƙofarsa, bai ji ka ba," in ji Nura mai jan wasan. "Sai me?"

Na gyara hula. "Salamu alaikum."

Dodo ya juyo ya cinye mu kaf. Ni dai da tarbiyyata na mutu.

Har yau in na yi sallama a shagon nama, in ɗaliban suna wurin sai su ce, "Ku gudu, Kawu ya tashi dodo!"