Gaisuwar Suruki a Cikin Ambaliya

Ranar da kududdufin Gwammaja ya tumbatsa ya shiga gidaje, ni murna na yi. A littattafan soyayyar da nake karantawa, a irin wannan rana jarumi yake samun mata. Ga shi kuwa baban Hadiza ya daɗe yana jan ƙafa a kan maganar aurenmu.

Na naɗe wando na keta ruwa zuwa gidan su Hadiza, ina hango kaina ɗauke da ita, gyalenta yana kaɗawa. Sai na tarar da Baba a bakin zaure yana kwalfe ruwa da bokiti. Nan take tarbiyya ta motsa. Na cire takalma, na ajiye su a gefe, na durƙusa.

Takalma suka bi ruwa suka tafi, ni kuma ya kawo mini har wuya. Ban fasa ba.

"Baba, ina wuni? Ya ruwa?"

Ya yi dariya har bokitin ya suɓuce masa. "Tashi, Malam, kada ka mutu a ƙofata! Wanda ya durƙusa mini a wannan ruwa ai na ba shi. Turo magabatanka."

Yau yaranmu uku. Amma da hadari ya haɗu, sai Hadiza ta leƙo ta ce, "Angon kududdufi, ɓoye takalmanka."