Rasuwar Kame, Tankar Ƙauyen Horonuka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake warin man gas, ni Kuramochi Tomezo nake sanar da mutanen Horonuka da na kewaye rasuwar tsohuwar tankarmu ta yaƙi, wadda muke kira Kame, wato Kunkuru. Ta rasu da hantsin ranar Talata, bakwai ga Fabrairu 1961, a kan hanyar tashar jirgin ƙasa, tana da shekara ashirin.

An haife ta a wata masana'anta kusa da Tokyo. Nauyinta tan goma sha biyar, cikinta na ɗaukar mutum huɗu, ni ne direbanta tun tana sabuwa. Ba a ƙera ta don karawa da 'yan'uwanta tankoki ba. Aikinta ta bi sojan ƙasa a hankali, ta fasa musu katanga da gajeriyar igwarta. Sulkenta siriri ne, da ƙusoshi aka haɗa shi, kuma in harsashi ya dake ta daga waje, ƙusoshin nan kan ɓalle su yi ta yawo a ciki. Ɗaya daga cikinsu ce ta kashe Hikita, mai harba mana igwa, yana zaune taku ɗaya da ni.

Ba za mu yi mata ƙarya ba don ta mutu. A ƙasar Sin ta rushe gidajen mutanen da ba su san sunanmu ba. Ni ne na riƙe mata linzami.

Da aka gama yaƙi sai aka sare mata kai, har da igwar, aka ɗaura mata faifan katafila a gaba, aka turo mu nan Hokkaido tare da iyalai ashirin da biyu da ba su da wurin komawa. Ita ta tumɓuke kututturan da ke gonar kowa. Duk hunturu ita ke share dusar ƙanƙara daga ƙauye zuwa tasha, kilomita goma sha ɗaya. In aka ji "gur, gur, kaf-kaf-kaf" da safe, an san yau akwai hanya. Matata Shige kan leƙo ta ce, "Tomezo-san, wai ita ka aura ko ni? Shigo ka sha miyarka, ba guduwa za ta yi ba."

Kame ta yi doguwar jinya. Shekara uku tana tari da baƙin hayaƙi. Na rubuta wasiƙa har wuri shida neman kayan gyaranta, aka ce an daina yin irinsu. Abin da na iya ƙerawa da hannu na ƙera.

Ranar Litinin dusa ta rufe hanya, Shige kuma na kwance da ciwon haƙarƙari, numfashi na yi mata wuya. Aka buga waya, likita ya ce zai jira a tasha. Washegari na hura wuta a ƙarƙashin Kame don injin ya yi ɗumi, har ta tashi. Ta ture kilomita takwas. A kwanar hanya ta uku bayan gada ta yi "kaf" sau ɗaya, ta yi shiru. Na kwanta cikin dusa na duba, injin ya tsage. Na roƙe ta, na zage ta, na dake ta da sufana. Sauran kilomita ukun mu takwas muka haƙa da shebur, sai ranar Laraba da rana likita ya shigo gidana.

Ya ce, "Kuramochi-san, da jiya ne."

Sanarwar rasuwar Shige kuwa, 'yarmu Fusae ce ta rubuta. Ni na zauna sau uku, na kasa. Wannan ce kaɗai hannuna ya yarda ya yi.

Marigayiya Kame ta bar gida biyar da suka rage a ƙauyen, da gonaki ashirin da biyu, da gangar mai rabi, da direba ɗaya da kunnensa na hagu ba ya ji.

Ba za a iya ɗauko gawar ba, babu abin da zai ja ta. Tana nan inda ta tsaya har dusa ta narke a watan Afrilu, sannan Onodera mai sayen tsohon ƙarfe ya zo da wutarsa ta walda ya yayyanka ta. Malamin haikali ya yarda zai yi mata karatu a wurin ranar Lahadi da ƙarfe goma. Kada a kawo furanni. Wanda zai zo ya taho da turaren wuta da sheburinsa, ya kuma fito da wuri, don an ce za a ƙara yin dusa ranar Asabar.