Besbol ɗin Bayan Sito

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta shekarar 2018 ba, ranar da ajinmu na masu koyon aikin jarida a Dubai ya yi min dariya har wata ta zamo daga kan kujera. Ni da na shekara biyu a makarantar, rabin ajin ba su san yadda muryata take ba.

Gidan rediyon makarantarmu ne ya buɗe gurbi ɗaya a shirin wasanni. Sharaɗin shi ne duk mai so ya ɗauko bidiyon minti bakwai na wani wasa da wayarsa, yana sharhi da bakinsa, a kunna a gaban aji, malamarmu ta zaɓi mutum ɗaya. Mu goma sha ɗaya muka rubuta suna, maza goma sai ni. Da Nura ya ga sunana a takardar (Nura ɗan Kano ne kamar ni, mu biyu ne Hausawa a ajin, shi kuma bakinsa ba ya hutu) sai ya leƙo ya ce, "Malama Shiru-shiru, ɓatan hanya kika yi? Takardar masu aikin laburare tana ƙasa. Sharhin wasa ai sai mai maƙogwaro."

Ni dama ban iya mayar da magana nan take ba, sai bayan kwana biyu amsa take zo min, yawanci ina wanke-wanke. Na dai ja layi biyu a ƙarƙashin sunana.

Abin da Nura bai sani ba, na daɗe da shiri. A laburaren da yake tura ni na ci karo da tarihin wata Ba'amurkiya, ɗaya daga cikin matan farko da suka zauna a ɗakin sharhin wasan besbol. An hana ta shiga inda 'yan jarida maza suke shiga, masu sauraro sun yi ta ƙorafi wai muryar mace ba ta dace da wasan ba. Ita kuwa ta ƙi tashi daga kujerar. Ta riƙa shiri fiye da kowa har masu zagin suka gaji. Da na rufe littafin sai na ce a raina, wannan matar tawa ce, kuma besbol zan yi.

Na nemo tsofaffin sharhinta na rediyo ina saurara a jirgin metro, daga Bur Dubai zuwa makaranta. Na haddace littafin dokokin wasan. Na sayi kundi mai shuɗin bango na tsara komai a ciki: mai jifa yana tsayawa wuri ɗaya ya jefa ƙwallo a iska, mai bugu ya make ta da kulki mai kama da taɓarya, ya yar da kulkin, ya zagaya tashoshi huɗu. Bidiyo kuwa da gangan na ƙi kalla (ku ji wautar masu karatu), wai kada ido ya lalata min kunne tunda rediyo zan yi.

Saura inda zan sami wasan. Sai na tambayi Yaya Sadiq, wana da nake zaune a gidansa, wanda yake aiki a wani siton kayan gyaran mota a Ras Al Khor.

"Yaya, ina ake buga besbol a garin nan?"

"Wane ne kuma shi?"

"Wasa ne. Na sanda da ƙwallo."

"Au, wannan! Ai kowace Juma'a Pakistanawa suna yi a bayan sitonmu. Yalla, ki shirya, in an sauko daga masallaci sai in kai ki, Farfesa."

Yaya Sadiq in ba ƙwallon ƙafa ba bai san ana wani wasa a duniya ba. Na san da haka, amma na bi shi.

Filin wani kango ne mai rairayi, tsakanin sito da garejin manyan motoci. Maza kusan ashirin, wasu da doguwar riga da wando, wasu da kayan aiki masu tabon baƙin mai. Yaya ya zauna a mota ya kunna sanyi, ni kuma na tsaya gefe cikin abayata, kundi a hammata, waya a hannu.

Yanzu ga wurin da ya fi ba ni kunya. Kada ku ɗauka ban lura ba. Na lura da komai. Na ga sandar tasu faffaɗa ce kamar allo, ba taɓarya ba. Na ga tasha biyu ce, ba huɗu ba. Na ga wasu 'yan sanduna uku da aka kafa a bayan mai bugu, waɗanda babu su a littafina. Sai ƙwaƙwalwata, wadda na saba yabo, ta shiga samo wa kowanne dalili. Sanda faffaɗa? Ai daga katakon sito suka yanko. Tasha biyu? Fili ne ya yi kaɗan. A unguwarmu a Kano duwatsu biyu ake ajiyewa a matsayin raga, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ƙwallo ake yi ba. Na rubuta a kundina da kyakkyawan rubutu: "Besbol ɗin 'yan ci-rani." Har tausayinsu na ji.

Mutum ashirin a gabana, kowa da bakinsa, ban tambayi ko ɗaya ba. Kunya ta hana, kuma a ganina me zan tambaya, ni da na haddace littafi?

Na danna waya na fara. Wallahi muryar da ta fito ban san ina da ita ba. Da Turanci na yi, amma ga kaɗan daga abin da na faɗa. Akwai wani dogo mai gemu da yake sheƙowa da gudu ya wulwula hannu ya jefa ƙwallon, ta daki ƙasa kafin ta kai ga mai bugu. Na ce, "Mai jifa ya sake dukan ƙasa, karo na tara ke nan. Masu sauraro, bawan Allah nan yana buƙatar tabarau." Da mai bugu ya ruga da sandarsa a hannu na ce, "Ya manta bai yar da ita ba, ya riƙe ta kamar ajiyar wani. Ya kai tasha ta farko. Ya juyo! Ya sake komawa! Jama'a, ruɗewa ta kama shi." Da ƙwallon dogon nan ta watsar da 'yan sandunan uku, fili ya kaure da ihu, sai na ce, "An kayar wa wani da kaya, amma da alama ba wanda ya ji haushi."

Da na dawo mota Yaya ya ce, "Khalas, shi ke nan, kin cinye. Tun daga nan nake jiyo ki."

Ranar Talata aka fara da na Nura, ƙwallon ƙafa, ihu daga farko har ƙarshe. Aka tafa masa. Sai Madam, malamarmu, ta kunna nawa a babban allo. Na manta ban gaya muku ba, fiye da rabin ajinmu 'yan Indiya ne da Pakistan.

Da farko shiru. Na ɗauka burgewa ce. Sai na ga Sana, 'yar Pakistan da take zama kusa da ni, ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Da aka zo wurin tabarau sai ta zamo daga kujera, ajin ya fashe. Wani yana dukan tebur, wani yana roƙon a maimaita. Sana ta kamo hannuna daga ƙasa, hawaye a fuskarta, ta ce, "Habibti, ƙawata, wannan wasan kurket ne, ba besbol ba. Dukan ƙasar da gangan ake yi. Kuma mutumin da kika ce ya sa tabarau, wallahi gwani ne."

Na ji kamar an zuba min ruwan zafi daga ka har ƙafa. Nura ya juyo ya ce da Hausa, yadda ni kaɗai zan ji, "Haba Malama, da kin tambayi manya." (Na lura bai fara dariya ba sai da Sana ta faɗi sunan wasan. Shi ma bai sani ba. Ko a cikin masifa ina lura da abubuwa.)

Madam ta miƙa hannu za ta kashe, don tausayi. A nan ne na miƙe. Na tuna matar nan da aka zaga ba ta yi laifin komai ba ta ƙi tashi. Ni da na yi laifin da hannuna, ai ba ni da hujjar gudu.

Na ce, "Madam, a bar shi. Kowa an ba shi minti bakwai. Nawa saura huɗu da rabi."

Aka bar shi. A tsaye na kalli sauran, ina jin muryata tana yi wa bayin Allah gyara a wasan da suka gada. Ban taɓa sanin minti huɗu da rabi yana da tsawo haka ba.

Da ya ƙare Madam ta share idonta ta ce da Sana, "Ke da kika san wasan, in kin rufe ido, za ki gane abin da ya faru a filin?" Sana ta yi tunani ta ce, "Duk ƙwallon da aka jefa ta ƙirga ta daidai. Daga bakinta zan iya fitar da sakamakon wasan. Sunan komai ne kawai ba daidai ba." Madam ta ce to gurbin yana tsakanina da Nura, kowa ya sake kawo wani bayan mako biyu.

Juma'a na koma Ras Al Khor. Na taka har tsakiyar fili, na tsaya gaban dogon mai gemu, wanda ashe bakanike ne a garejin, na yi tambayar da ta kamata in yi tun farko: "Don Allah, wasan me kuke yi?" Sannan na nuna masa bidiyon na ba shi haƙuri. Ya yi dariya har ya zauna a kan taya, ya kira sauran suka taru a kan wayata. Daga ranar duk sanda zai yi jifa sai ya juyo wajena ya zagaye idanunsa da yatsu, wai ya sa tabarau. Shi ya zaunar da ni ya koya min kurket, ni kuma na juya kundina ta baya na fara sabon rubutu.

Bayan mako biyu na kawo sharhin kurket, ni aka ba gurbin. Nura ya ce sa'a ce kawai, don masu sauraron gidan rediyon duk 'yan kurket ne. Amsar da zan mayar masa ta zo min bayan kwana biyu kamar kullum, sai dai wannan karon ba a wajen wanke-wanke ba. Ina zaune gaban makirufo ne, jar fitila a kunne, sai na buɗe shirin da gaishe da wani ɗan ajinmu da ya taɓa nuna min hanyar laburare.

Har yau ban yi sharhin besbol ba, amma zan yi, dokokin suna nan a kaina ba inda suka je. Abin da na koya shi ne, komai yawan littafin da na haddace, in na isa wuri ina fara tambayar mutanen da na tarar me suke yi, kafin in gaya wa duniya cewa ba su iya ba.