Rigar da Mairo ta ɗinka

Ba zan taɓa mantawa da kunyar da wani Bature mai rubuta littafi ya jawo mini ba. Ban taɓa ganinsa ba, kuma har yau ban yafe masa ba.

Na haura arba'in na shiga ajin manya a nan unguwarmu ta Briqueterie, zamanin mulkin Shugaba Ahidjo. Malaminmu, Mesiye Sali, in ya ga mun gaji da haɗa baƙaƙe, sai ya zaro wani littafi naɗe cikin takardar siminti (lokacin ba a yawo da irinsa a fili) ya fassara mana. Mai littafin ya ce ma'aikaci kan yi abu da hannunsa, abin ya zama na mai kayan aiki, shi kuwa sai kallo. Rabin bayanin ban gane ba. Rabin da na kama ya tafasa mini zuciya. Bazawara ce ni, na sha wuya, don haka na tabbata ni ce aka cuta.

Ranar sunan jikar Goggo Dudu a unguwar Nkomkana, mata sun cika tsakar gida, ni kuwa na sha sabuwar riga mai aiki a wuya. Ana hirar tsadar atamfa a kasuwar Mokolo sai na miƙe (wa ya aike ni?).

"Ku saurara! Duk wanda ya yi abu da guminsa wani ya more, an cuce shi. Masu inji su ne ɓarayin zamani. A littafi yake!"

Aka yi tsit. Na ɗauka ilimina ne ya kama su.

Goggo Dudu ta gutsuri goro ta ce, "'Yar nan, rigarki ta yi kyau. Wa ya ɗinka?"

"Mairo."

"A keken wa?"

"Nawa."

"To Mairo, taso mu ga taki."

Mairo, wadda ta shekara bakwai tana taka mini keke, ta taso daga bakin murhu da koɗaɗɗen zane. Wuyan rigata kawai ta duba, aikin da ya ci mata kwana uku.

Wata ta ɗaga murya daga baya: "Ashe yau patron, mai injin da kanta, ce ke mana wa'azi!"

Dariya har da masu riƙe ciki. Ko shinkafar sunan ban tsaya ci ba.

Na koma gida kaina a ɗaure. Kekuna biyu kacal gare ni. Ni ce talakar, ko ni ce ɓarauniyar? Baturen bai faɗi inda ake ajiye bazawara mai keke biyu ba, ko kuwa yana shafin da ba mu kai ba. Abin da na gane dai, kafin mace ta yi wa jama'a karatu, ta fara duba abin da ke jikinta.

Washegari na kira mai amalanke, muka ɗora keke ɗaya, sai ƙofar Mairo.

Ta zaro ido. "Yaya, korata kika yi?"

"Naki ne. Kada ki tambaye ni dalili, ni ma ban gama littafin ba."

Rigar kam ban bayar ba.